Ɗalibanmu na cusa wa kwamfuta lambar famitibiti ba su san aikinta ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Na san wasu za su ce wannan ai maganar aji ce ba ta jarida ba, to amma ɗaliban da abin ya shafa su ne dai ke karanta ku a waya, malamansu ma haka, kuma ni ban ga dalilin da zai sa kimiyya ba za ta shigo shafin wasiƙu ba.

Ni malamin fiziks ne, kuma duk shekara in lokacin firojet ya zo sai ka ga ɗaliban ajin ƙarshe, na fiziks da na injiniyan lantarki, suna ta zirga-zirga da laftof a hammata. Yanzu abin da ake yayi shi ne simuleshon, wato ka zana abu a kwamfuta ka bar manhaja ta lissafa maka yadda zai yi a zahiri. Ni ban ga laifin wannan ba ko kaɗan, kayan lab sun yi tsada, wanda ake da shi ma ya tsufa, don haka in yaro ya samu COMSOL ko Ansys Maxwell, ko ya sauke FEMM da ake bayarwa kyauta, ai ya samu hanyar ganin abin da idonsa ba zai taɓa gani a lab ɗinmu ba. Matsalar tana wani ɗan akwati ne guda ɗaya da duk waɗannan manhajoji ke buɗe maka in za ka faɗa musu da me aka yi abin da ka zana, inda za a rubuta famitibitin abin, lambar nan da ake rubutawa εr, yara na ce mata efsilon-ar. Wallahi yawancinsu lambar kawai suke nemowa a intanet su zuba, su danna, giraf ya fito da launuka masu kyau, shikenan an gama. Ka tambayi ɗayansu me zai faru da ƙarfin ja tsakanin caji in ka ƙara wannan lambar, sai ya ce zai ragu, ka ce to ga girafinka yana nuna ya ƙaru, sai ya yi shiru yana kallon ƙasa.

Bari in fara da ita kanta lambar saboda mai karatun da ya daɗe da barin makaranta. Abubuwan da ba sa wuce da wuta, irin su roba da gilashi da takarda da mai, cajin da ke cikin ƙwayoyinsu ba ya iya tashi ya yi tafiya kamar yadda yake yi a waya ta tagulla, amma in ka sa su cikin filin lantarki yana ɗan karkata a inda yake, fositif ya ɗan matsa gefe ɗaya negetif ya ɗan matsa ɗaya gefen, sai wannan karkatar ta haifar da nata filin wanda ke kishiyantar na waje. To εr ita ce ke faɗa maka yawan wannan amsawar in an gwada da sararin da babu komai cikinsa, wanda aka ba shi 1. Iska kusan 1.0006 ce, wato kusan babu bambanci. Teflon 2.1, man taransfoma wajen 2.2, takarda busasshiya tsakanin 2 da 4, gilashi daga 4 zuwa 10 gwargwadon irinsa, silikon 11.7, ruwa kuwa wajen 80 a zafin digiri 20, akwai ma wasu nau'in tangaran irin su bariyom taitanet da ke haura 1000. Michael Faraday na Ingila ne ya auna wannan abu ya yi bayaninsa a 1837, bayan Charles Coulomb na Faransa ya fitar da dokarsa ta ƙarfin da ke tsakanin caji biyu a 1785.

Daga dokar Coulomb ɗin nan ne rikicin ya samo asali, ba don tana da kuskure ba, sai don yadda muke koyar da ita. Tun daga SS2 muke sa yara su haddace cewa in caji biyu suna cikin wani abu ba a sarari ba, to a raba ƙarfin da εr. Wato cajin da ke jan juna da niyuton 80 a iska, in ka nitsa su cikin ruwa sai ƙarfin ya koma niyuton 1. Gaskiya ne wannan, kuma shi ya sa gishiri ke narkewa a ruwa amma ka zuba shi a kananzir ya zauna yana kallonka, don kananzir εr ɗinsa wajen 2 ne kawai, bai isa ya sassauta riƙon da sodiyom da kulorin suka yi wa juna ba. Amma fa wannan magana tana da sharuɗɗa guda biyu da ba ma faɗa wa yaro, na farko cajin bai canza ba, na biyu abin ya kewaye cajin ta ko'ina kamar yadda ruwa ko mai ke yi. Yaro ya ci WAEC da JAMB da wannan haddar, ya shigo jami'a da ita, ya kai aji huɗu ko biyar bai taɓa jin an ce masa akwai sharaɗi ba.

To ga abin da ke faruwa a kwamfuta. Yaro zai zana farantan ƙarfe biyu suna fuskantar juna, mu ce kowanne santimita 10 tsawo santimita 10 faɗi, tsakaninsu milimita 1, ya ba ɗaya bolt 1000 ɗayan ya ba shi sifili. In iska ce a tsakani ƙarfin da suke jan juna zai fito kusan niyuton 0.044, wato nauyin abin da bai kai giram 5 ba, kuma wannan lissafi ne da za a iya yi da biro, ε0, wato famitibitin sararin da babu komai, wadda take 8.854 × 10^-12, sau εr sau faɗin faranti sau boltej sukwaya, a raba da tazara sukwaya sau 2. Sai ya canza iskar ya sa man taransfoma, yana jiran ƙarfin ya faɗo zuwa 0.020 kamar yadda haddarsa ta ce, sai kwamfuta ta ba shi 0.097, ya ninka fiye da sau biyu maimakon ya ragu. Nan ne za ka ji ana cewa ai manhajar ce ba orijina ba, ko laftof ɗin ce ta samu matsala, har akwai wanda na ga ya juya lambobin a teburinsa da hannu don su dace da littafi, ya sa babbar lamba a iska ƙaramar a mai, saboda tsoron kada estanal, wato mai duba firojet daga waje, ya ce aikinsa ya saɓa wa Coulomb. Wannan ne ya fi ɓata min rai a duk lamarin, kwamfuta ta faɗa masa gaskiya, shi kuma ya goge gaskiyar saboda mu malamansa ba mu ba shi abin da zai kare ta da shi ba.

Duka amsoshin biyu daidai ne, tambayoyin ne daban. In ka ce wa manhaja faranti yana kan bolt 1000, to ka ce mata kenan a haɗe yake da batir ko wata na'urar ba da wuta wadda ba za ta bari boltej ya sauka ba. Ka ɗauki randar da aka cika aka ɗauke ta daga bakin famfo, da randar da aka bari a ƙarƙashin famfo yana zuba, ta farko abin da ke cikinta shi kenan, ta biyun kuwa duk gurbin da ya samu famfo zai cike shi. Da ka zuba mai tsakanin farantan, man ya rage filin, boltej na neman sauka, sai batir ya turo ƙarin caji har sau 2.2 don ya mayar da shi 1000. Caji ya ninka sau 2.2, filin da ke tsakani ya koma yadda yake, to dole ƙarfin ja ya ninka sau 2.2. Amma da a ce ka caja farantan ne ka cire batir sannan ka zuba man, cajin zai tsaya inda yake, boltej ya sauko zuwa wajen 455, ƙarfin kuma ya faɗo zuwa 0.020 ɗin da yaron ke nema. A cikin manhajar bambancin bai wuce zaɓi ɗaya ba wajen sa sharaɗin iyaka, ko ka ba faranti boltej ko ka ba shi caji, kuma kusan kowa boltej yake bayarwa don shi ne ya fi sauƙi kuma shi ake nunawa a bidiyoyin YouTube da suke koyo da su.

Ko a nan ma ba a gama ba, don galibin abin da yara ke zanawa ba mai ba ne, abu ne mai tauri, faifan roba ko gilashi ko tangaran a tsakanin ƙarfe biyu. Abu mai tauri kuwa ba ya manne wa ƙarfe ɗari bisa ɗari, dole akwai 'yar siririyar iska a tsakani, kuma a cikin wannan iskar ce ake yin jan. Mu koma kan farantan nan namu, tazara milimita 1, mu sa faifai mai kaurin milimita 0.9 mu bar iska 0.1. Abin da faifan ke yi shi ne yana sa kaurinsa ya zama kamar an raba shi da εr, don haka in εr 3 ce, tazarar da wuta ke gani ita ce 0.1 a tara da 0.3, wato 0.4, ƙarfin ya zama wajen niyuton 0.28. In ka kai ta 9 tazarar ta koma 0.2, ƙarfin ya haura zuwa 1.1, ka ga lambar ta ninka sau uku ƙarfin ya ninka sau huɗu. Sai yaro ya ji daɗi ya ce bari in zuba 90, ya samu 3.7, ya zuba 900 ya samu 4.3, ko miliyan ya zuba ba zai wuce 4.4 ba, don a lokacin faifan ya zama tamkar ƙarfe, duk bolt 1000 ɗin sun taru a kan 'yar iskar nan. Wato akwai inda ƙara lambar ke da riba sosai, akwai inda ta daina amfani, daga nan kuma abin da ke mulki shi ne kaurin iskar, wato santsin fuskar abin da tsabtarsa. Na sha ganin firojet da ya kammala da shawarar a nemo abu mai εr mafi girma, alhali girafin da ke shafi na baya ya riga ya kwanta tun daga wajen 100, da ya duba da kyau da shawararsa ta zama a goge fuskar faifan ta yi santsi.

Sannan akwai abin da kwamfuta ba za ta faɗa maka ba sai ka tambaye ta. A wancan misalin na ƙarshe filin da ke cikin iskar ya kai kilobolt 10 a kowace milimita, alhali iska a tazara ta yau da kullum tana fashewa da tartsatsi ne a wajen kilobolt 3 a milimita, siririyar tazara tana jure fiye da haka amma tana da iyaka ita ma. Manhajar da ke lissafin lantarki mai tsaye ba ta san tartsatsi ba, ko bolt miliyan ka ba ta za ta lissafa maka ƙarfi ta ba ka giraf mai kyau. In ka ɗauki kilobolt 3 ɗin nan ka lissafa, iyakar matsin da za ka samu a iska wajen faskal 40 ne, wato niyuton 40 a kan murabba'in mita guda, nauyin kilo 4 kenan a kan faɗin da ya kai tabarma. Duk yaron da ya kawo min zanen da ke ɗaga buhun siminti da ɗan faranti ta cikin iska mai faɗi, na san bai yi wannan ɗan lissafin ba.

Sai kuma nau'in da ya fi kusa da rayuwarmu, inda abin da ake ja ba shi da caji ma sam. Kowa ya san wasan nan na goga biro ko matajin roba a gashi a ɗauki gutsattsarin takarda, musamman da hunturu. Takardar ba ta da caji, amma filin matajin yana karkatar da cajin cikinta, gefen da ke kusa ya zama kishiyar na matajin, kuma tunda filin ya fi ƙarfi a kusa sai ja ya rinjayi turi. A nan εr ta abin da ake ja ce ba ta abin da ke tsakani ba, kuma ga ƙaramin abu mai siffar ƙwallo ƙarfin yana tafiya ne da εr a cire 1, a raba da εr a tara 2. Gwada ka gani, a 3 za ka samu 0.4, a 10 ka samu 0.75, a 80 ka samu 0.96, ƙarfe kuma 1. Wato daga takarda zuwa ruwa lambar ta ninka fiye da sau 25 amma jan bai ninka sau uku ba. Wani Ba'amurke Herbert Pohl ne ya raɗa wa wannan motsi suna dielectrophoresis a 1951, kuma yau da shi ake tace ƙwayoyin halitta a ƙananan na'urorin gwaji. Abin da ya fi muhimmanci shi ne in abin yana cikin wani ruwa ko mai, to bambancin da ke tsakanin lambobin biyu ne ke aiki, in ta abin ta fi ta man sai a ja shi zuwa inda fili ya fi ƙarfi, in ta gaza sai a ture shi.

Wannan ba maganar littafi kaɗai ba ce, tana cikin taransfomar da ke bakin layinmu. Man da ke ciki 2.2 ne, in ɗigon ruwa ya shiga, shi da yake 80, filin zai ja shi zuwa daidai inda wutar ta fi tsanani, haka ma zaren takarda da ya sha danshi, su yi ta taruwa suna jeruwa har su yi gada tsakanin wayoyi, daga nan sai tartsatsi. Kumfar iska kuwa da take 1, filin da ke cikinta ya fi na man da ke kewaye da ita ƙarfi ga shi iska ba ta kai mai juriya ba, don haka daga cikinta ƙananan tartsatsi ke farawa suna cin insuleta a hankali. Shi ya sa ake gwada man taransfoma, ake tace shi, ake sa ƙwayoyin silika masu shan danshi a bututun da take shaƙar iska. Yaron da zai fita ya yi aiki a kamfanin rarraba wuta in bai gane wannan ba, zai ga ƙwayoyin nan sun canza launi ya wuce abinsa bai san sun ƙoshi da ruwa ba ne, unguwa guda kuma ta kwana wata uku a duhu ana karo-karon kuɗin gyara.

Haka batun ƙura a kan faifan sola, wanda yanzu yara da yawa ke ɗauka a matsayin firojet kuma ina jin daɗin haka don matsala ce tamu ta gaske. Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga wajen Bodele a ƙasar Chadi tana rufe faifai ta rage masa wuta, kuma akwai fasahar shimfiɗa siraran wayoyi a ƙarƙashin gilashi a ba su wuta mai juyawa ta kore ƙurar ba tare da ruwa ba, hukumar NASA ta Amurka ta yi aiki a kanta saboda ƙurar wata da duniyar Mars. A irin wannan zanen lambobin εr uku ne ke aiki lokaci guda, ta gilashin da ya rufe wayoyin, ta iska, da ta ƙwayar ƙurar, kuma ƙarfi iri biyu ne ke fafatawa, wanda ke tura ƙwayar saboda cajin da take ɗauke da shi, da wanda ke janyo ta ta manne saboda karkatar cikinta. In yaro ya zo da haddar a raba da εr kawai, ta ina zai fara?

Wani abin kuma da ake mantawa, lambar nan ba a sassaƙe take a dutse ba. Ruwa 88 ne a sifilin digiri, 80 a digiri 20, ya sauko wajen 55 in ya tafasa, kuma in filin yana juyawa da saurin haske lambar ba ta kai 2 ba. Takarda da katako da ƙasa kuwa danshi ne ke juya su, busasshen yashi 3 zuwa 5 ne, in ya jiƙe ya haura 20. Mu da danshin iskarmu ke sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 a watan Janairu sannan ya haura 70 a Agusta, lambar da aka auna a wani lab na Turai ba lallai ta zama tamu ba a kowane wata. Ga kuma babbar magana, babu abin da ba ya ɗan wuce da wuta ko yaya ne, kuma in wutar tsayayya ce irin ta batir, bayan ɗan lokaci yadda abu ke wuce da wuta shi ke raba filin ba εr ba. Ga tataccen ruwa wannan lokacin bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, na famfo ma ba a magana. Don haka yaron da ya zuba 80 a tsakanin farantansa ya ga niyuton 3.5 ya rubuta cewa ruwa ne ya fi kowane abu ƙara ƙarfin ja, in ya gwada a zahiri abin da zai gani shi ne fiyus ya ƙone. A ɗaya ɓangaren kuma wannan 'yar wucewar wuta takan yi amfani, wasu injiniyoyi biyu 'yan Denmak, Johnsen da Rahbek, sun gano tun wajen 1920 cewa abu mai ɗan wuce da wuta kaɗan yana riƙe ƙarfe da ƙarfin da ya wuce abin da lissafin εr ke bayarwa nesa ba kusa ba, don cajin yana ratsawa ya taru daf da fuska, kuma har yau masana'antun da ke yin cif na kwamfuta suna amfani da wannan wajen riƙe faifan silikon.

'Yan kemistiri da famasi ma kada su ce ba da su nake ba. Yanzu kowa docking yake yi da manhajar AutoDock, wasu har da GROMACS, wato ana gwada yadda sinadarin ganye zai kama furotin a kwamfuta. Lambar nan tana can ciki ita ma. In ka zana ƙwayoyin ruwan ɗaya bayan ɗaya a cikin simuleshon ɗinka to εr 1 ce, don ruwan da ka zana shi zai yi aikin rage ƙarfin da kansa, in ka sake sa 80 ka rage sau biyu kenan. In ba ka zana ruwan ba to dole ka sa lambar da za ta tsaya a madadinsa, cikin furotin kuma ana ɗaukar ƙaramar lamba ce wajen 2 zuwa 4. Caji biyu a ruwa da sun yi nisan nanomita 0.7 zafin ɗaki ya isa ya raba su, a sarari kuwa sai sun kai wajen nanomita 56, ka ga kuskure a nan ba ɗan kaɗan ba ne.

Ita kanta manhajar tana da nata wuraren tuntuɓe, zan taɓa kaɗan. Tana yanka zanenka ne ƙanana-ƙanana kamar raga ta lissafa filin a kowane gida, ƙarfi kuma yana tafiya da sukwayar filin, don haka kuskuren kashi 5 a fili ya zama kashi 10 a ƙarfi. Kuma daidai kan iyakar abu biyu masu εr daban filin tsalle yake yi, nan ne kuma yara ke sa layin da za a tara ƙarfin a kai, maimakon su ɗan ja shi cikin iska ya kewaye abin. In ragar ta yi faɗi a cikin siririyar tazara, ko akwai kusurwa mai tsini, amsar za ta riƙa canzawa duk lokacin da ka ƙara yawan gidajen, kuma muddin tana canzawa to ba ka da amsa tukuna. Akwai hanya ta biyu ta tabbatarwa, ka matsar da farantin kaɗan ka ga nawa makamashin da ke ajiye ya canza ka raba da nisan, in hanyoyin biyu ba su haɗu ba akwai gyara. Sannan a zanen da ba shi da zurfi, manhaja na ba da amsa ne bisa zurfin da aka sa mata, in ba ka duba ba sai ka ɗauki ƙarfin faranti mai tsawon mita guda ka ce na santimita 10 ne.

Malam Edita, roƙona ga 'yan uwana malamai ne da farko. A sakandare in mun zo dokar Coulomb mu ƙara jimla ɗaya tak, mu ce wannan in cajin bai canza ba ne, kuma akwai manhajar PhET ta Jami'ar Kolorado kyauta ce, tana da darasin kafasita, wato farantai biyu irin waɗanda na ambata, inda yaro zai haɗa batir ya cire ya ga caji da boltej suna canzawa da idonsa. A jami'a kuma sufabaiza kada ya karɓi giraf ko ɗaya sai ɗalibi ya fara zana farantai biyu a iska, ya lissafa da biro, ya nuna kwamfuta ta ba shi abin da biro ya ba shi, sannan ya maimaita da boltej tsayayye da caji tsayayye ya yi bayanin dalilin da ya sa ɗaya ya hau ɗaya ya sauka, wannan aikin yini ɗaya ne. A babin sakamako kuma a tilasta rubuta inda aka samo kowace εr, a wane zafi, a wane saurin juyawar wuta, da abin da zai faru da amsar in lambar ta ƙaru ko ta ragu da kashi 20. Masu zuwa difens daga waje su ma don Allah su riƙa yin wannan tambayar maimakon tsayawa kan girman rubutu da tazarar layi.

Ku kuma ɗalibai, in kwamfuta ta ba ku abin da ya saɓa wa abin da kuka haddace kada ku taɓa lambar da hannu, ku kawo ta yadda ta fito ku zo mu zauna mu duba me kuka ce mata ta riƙe, boltej ko caji, kuma ina kuka sa εr ɗin, a tsakani ko a jikin abin da ake ja. Ina kuma roƙon jaridar nan ta buɗe ɗan shafi ko sau ɗaya a wata da malaman kimiyya za su riƙa amsa irin waɗannan tambayoyi, ni a shirye nake in fara da na kafasita in kun ba da dama.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Wani malamin fiziks, daga Zariya